Ciwon "sai gobe": me ke faruwa a zuciyar mai jan ƙafa?

Tsakanin 1967 da 1968, wani matashin masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi zaman shekara guda a Indiya. Abokinsa Joseph Stiglitz ya kai masa ziyara. Da ya tashi komawa, sai kayansa suka fi abin da za a bar shi ya shiga jirgi da shi, don haka ya bar wa Akerlof kwali ɗaya na tufafi a kan ya aika masa daga baya. Akerlof ya lissafa ya ga cewa, da yadda harkokin ofis ke tafiyar hawainiya a can da kuma rashin sabonsa da irin wannan hidima, aika kwalin zai ci masa yini guda cur. Sai ya ce gobe. Gari ya waye, ya sake cewa gobe. Haka ya yi ta yi har sama da wata 8, kullum yana tashi da niyyar cewa gobe ce ranar kwalin Stiglitz. A ƙarshe ma bai kai shi gidan waya ba. Wani abokinsa ne zai tura kaya masu yawa Amurka, shi kuma ya cusa kwalin a ciki.

Shi da bakinsa ya ba da labarin a wata maƙala da ya fitar a 1991, kuma bayan shekara 10 shi da mai kwalin suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki. Na fara da shi ne don mu huta da zancen cewa jan ƙafa halin dolaye ne. Abin da ya ɗaure wa Akerlof kai shi ne, bai taɓa zama ya yanke shawarar riƙe kayan abokinsa wata takwas ba. Da an ce masa haka zai yi tun ranar farko, da ya rantse. Kwana ɗai-ɗai ya riƙa ara, kuma kowane aron in ka dube shi shi kaɗai ba shi da wani laifi. Me kwana ɗaya zai rage wa Stiglitz?

Kafin a yi nisa sai an rarrabe aya da tsakuwa, domin ba kowane jinkiri ne ciwo ba. Manomin da ya ga ruwan farko amma ya ƙi fitar da iri sai ƙasa ta sha sosai, dabara ya yi. Matar da ta ɗage zuwa asibiti saboda babu kuɗin mota balle na kati, rashi ne ya ɗaure ta. Wanda ya yi sawu uku a ofis ana ce masa babu netwok, shi ma a cire shi daga lissafi. Abin da masana halayyar ɗan Adam ke nufi ya fi haka ƙunci: mutum ya ƙudurta zai yi abu, babu abin da ya tare shi, ya san ɗagewar za ta cutar da shi, kuma ya ɗage ɗin. Sharaɗi na ƙarshen nan shi ne abin mamakin. Mutum yana ji yana gani yake cutar kansa.

Piers Steel na Jami'ar Calgary a Kanada ya tattaro binciken da aka yi shekara da shekaru a kan batun, ya tace su wuri guda a 2007. Ƙiyasin da ya kawo ya nuna kashi 80 zuwa 95 cikin 100 na ɗaliban jami'a suna jan ƙafa, kusan rabinsu kuma abin ya zame musu jiki har yana yi musu illa. Joseph Ferrari na Jami'ar DePaul a Chicago ya daɗe yana cewa kimanin mutum 1 cikin 5 na manya abin ya bi su ko'ina, a gida da wurin aiki da harkar kuɗi da ta lafiya. Galibin alƙaluman nan daga ɗaliban Turai da Amurka aka samo su, amma duk wanda ya taɓa leƙa rumfar tela a goman ƙarshe na azumi zai gane fuskar mai ciwon.

A wurinmu sunan da aka fi laƙaba masa shi ne lalaci, kuma a ganina nan aka fara ɓata maganin. Ka ɗauki ɗalibin ajin ƙarshe da malami ya ce ya kawo babi na biyu na furojet ranar Litinin. Asabar da safe ya buɗe kwamfuta, ya rubuta kan babin, ya zuba masa ido. Can sai ya lura ɗakin ya yi ƙura. Ya share. Ya jiƙa wanki. Ya tuna kwana biyu bai kira Hajiya ba, ya kira suka yi rabin awa. Ya ɗora taliya. Ya jera littattafansa manya a ƙasa ƙanana a sama, abin da rabonsa da yi tun yana aji ɗaya. La'asar ta yi, ya gaji liƙis, kuma har yanzu kan babin ne kaɗai a allon. Malalaci kwanciyarsa yake yi ransa fes, bai ƙudurta komai ba balle ya saɓa. Wannan kuwa ya yini yana aiki, duk inda ya juya babin na bin sa kamar mai bin bashi. Duk aikin da ke ɗakin ya taɓa, ban da guda ɗaya.

Me ke cikin gudan nan? Amsar da masana halayyar ɗan Adam Fuschia Sirois da Timothy Pychyl suka bayar a 2013, wadda yanzu masu binciken fannin da dama suka karkata gare ta, ita ce: abin da mutum ke gudu shi ne yadda aikin ke sa shi ji. Wani aikin gundura ce a cikinsa. Wani ruɗani, ba ka san ta inda za ka kama ba. Wani tsoro ne, kada a duba a ce ashe iyakarka ke nan. Wani haushi, don an ɗora maka shi ba da son ranka ba. Da mutum ya tunkari aikin sai wannan ɗacin ya taso, da ya ce "bari sai an jima" sai ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Sauƙin nan na nan take shi ne ladan, kuma zuciya ba ta manta inda ta sami sauƙi. Gobe in ɗacin ya sake tasowa ta riga ta san hanya.

An gwada wannan a ɗakin bincike. A 2001 Dianne Tice da abokan aikinta suka ce wa wasu ɗalibai za a yi musu gwaji, aka ba su 'yan mintoci su yi atisaye, aka kuma ajiye musu abubuwan shagala a gefe. An riga an ɓata wa wasu rai da gangan. Daga cikinsu an yaudari wasu cewa an yi abin da zai sa yanayin zuciyarsu ya tsaya cak na ɗan lokaci, komai suka yi ba zai sauya ba. Waɗanda ransu ke ɓace kuma suka ɗauka wasa zai iya wanke musu shi, su suka fi barin atisaye suka faɗa wa wasan. Waɗanda aka ce wa babu abin da zai sauya, sai suka fi zama a kan aikinsu. Wato shagalar magani ake ɗaukar ta, in aka ce ba ta ci sai a bar ta. Yanzu kuma kowa na yawo da kantin wannan magani a aljihu. Ɗalibin da ya ce bari ya duba saƙo ɗaya a WhatsApp, ya farga bayan awa biyu yana kallon faɗan wasu da bai sani ba a TikTok, ba daɗin faɗan ne ya riƙe shi ba. Muddin yana can, ba ya gaban babin.

Matsalar ita ce ɗacin ba ya zama yadda aka bar shi, haihuwa yake yi. Wannan na gani a kaina. Mahaifin wani abokin karatuna ya rasu, labari ya iske ni wata Talata da hantsi, na ce bayan la'asar zan je gaisuwa. Wani ɗan aiki ya riƙe ni, na ce gobe. Goben na ce bari kawai in haɗa da ranar uku. Ranar uku ta wuce, na ce bakwai. Daga gidanmu zuwa nasu bai fi minti 20 a adaidaita sahu ba. Amma bayan bakwai sai aikin ya sauya kama. Da gaisuwa ce kawai, yanzu ta zama gaisuwa da ba da uzuri, ni kuwa ba ni da uzurin. In na ga sunansa a waya sai gabana ya faɗi. Na daina bi ta layinsu. Har wani ɗaurin aure na ƙi zuwa don na san zai halarta. Arba'in ta zo ta wuce ina ta shirya jawabin da zan yi. Kunyar rashin zuwa ita ta zama babban dalilin rashin zuwan, kullum kuma ƙara nauyi take yi.

Tice da Roy Baumeister sun bi diddigin wannan lissafi a 1997, a kan ɗaliban wata jami'a a jihar Ohio. A farkon zangon karatu masu jan ƙafa sun fi sauran kwanciyar hankali, har ƙorafin rashin lafiyarsu bai kai na sauran ba. Da ƙarshen zango ya zo sai reshe ya juye da mujiya: sun fi kowa damuwa, sun fi kowa ciwo, makinsu kuma ya fi ƙasa. In aka haɗa farko da ƙarshe, wahalar da suka sha ta fi ta waɗanda suka fara da wuri. Masu cewa "ni kaina ba ya ja sai wuri ya ƙure" su lura da wannan. Yawancinsu ba su taɓa gwada yin aikin cikin natsuwa ba balle su kwatanta. Abin da ke faruwa in wuri ya ƙure shi ne, tsoron a kama ka hannu rabbana ya rinjayi ɗacin aikin, shi ke nan sai a zauna.

To amma mutum ya san duk wannan, me ya sa sanin ba ya hana shi? A nan ne zancen lokaci ke shigowa. Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ƙwaƙwalwa ta ɗauki karin maganar nan da gaske fiye da kima. A ce wa mutum ga dubu 10 yau ko dubu 11 gobe, da yawa za su ce a ba su ta yau. A ce musu ga dubu 10 bayan kwana 365 ko dubu 11 bayan kwana 366, kusan kowa zai ce zai jira. Jiran kwana ɗaya ne a duka biyun, ribar ma ɗaya ce. Bambancin kawai, a na farko akwai "yanzu" a ciki. Likitan ƙwaƙwalwa George Ainslie ya nuna tun shekarun 1970 cewa har tattabaru haka suke yi: in ƙaramin abinci na kusa ya matso sai su bar babba na nesa. Darajar abu tana zubewa da sauri da zarar ya ɗan matsa daga yau, sannan ta riƙa raguwa a hankali. Shi ya sa da daddare mutum ke tsara gobensa kamar waliyyi, domin a lokacin aikin da hutun duk suna nesa, yana iya auna su da adalci. Gari na wayewa wahalar aikin ta zama ta yanzu, amfaninsa kuwa yana can wata uku gaba.

Akwai wani abin da ya fi wannan ban dariya da ban tausayi. Mutumin da za ka zama gobe, zuciyarka ba ta ɗauke shi kai ba. Emily Pronin ta Jami'ar Princeton da abokan aikinta sun haɗa wani ruwa mai tayar da zuciya a 2008, suka ce wa ɗalibai shan sa zai taimaki bincike, kowa ya faɗi adadin da za a sha. Waɗanda za su sha nan take suka zaɓi ɗan kaɗan. Waɗanda aka ce su zaɓar wa wani ɗalibi daban suka cika masa. Waɗanda aka ce su ne za su sha amma sai zango mai zuwa, su ma suka cika wa kansu kusan yadda aka cika wa baƙon. Hal Hershfield ya ga makamancin haka a hoton ƙwaƙwalwa: in mutum na tunanin kansa nan da shekara 10, yadda ƙwaƙwalwarsa ke aiki ya fi kama da lokacin da yake tunanin wani. Ashe duk lokacin da ka ce "gobe na yi", wani bawan Allah kake tura wa kayan, wanda a zatonka ba ya gajiya, ba ya yin baƙi, ba a ɗauke masa wuta.

Ga kuma rashin iya ƙiyasi. A wani bincike da Roger Buehler da abokansa suka fitar a Kanada a 1994, an tambayi ɗalibai kwana nawa ya rage su gama rubutun kammala digiri. Matsakaicin amsarsu kusan kwana 34. Aka ce to in komai ya dagule fa? Suka ce kusan 49. Da aka zo lissafi na gaskiya, sama da kwana 55 suka ɗauka. Ko mafi munin zatonsu bai kai gaskiya ba. Telan da ke karɓar shadda ana saura kwana biyar Sallah yana cewa "Alhaji jibi ka turo yaro", sau da yawa ba ƙarya ya shirya ba. Ya lissafa awannin da keke zai yi yana gudu, bai lissafa ɗaukewar wuta da karyewar allura da mai aikin surfani da zai ɓace ba, duk da bara ma haka aka yi. Rana kuwa ba ta ƙarya.

Wani nau'in jan ƙafar kuma kariyar mutunci ne. Ferrari da Tice sun ba mutane aikin lissafi iri ɗaya a 2000. Wasu aka ce musu gwajin basira ne, wasu aka ce wasa ne kawai. Masu halin jinkiri sun rage yin atisaye ne kawai a inda aka ce gwajin basira ne. Da aka kira shi wasa, sun yi kamar kowa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya yi karatu wata guda ya faɗi, an gano iyakarsa. Wanda ya buɗe littafi daren jarrabawa ya faɗi yana da abin faɗa: ai ban yi karatu ba ne. In kuma ya ci, sai a ce kai, wane akwai kai.

Sai dai kada a ɗauka duk mai jinkiri mai son aiki ya fita tsaf ne, kamar yadda wasu ke yi wa kansu kirari. Steel ya samu alaƙar jan ƙafa da neman kamala ba ta da ƙarfi. Halin da ya fi tafiya da shi shi ne saurin bin abin da rai ya raya, rashin iya danne sha'awar nan take. Wani bincike a kan tagwaye da aka yi a Jami'ar Colorado a 2014 ya nuna kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali yana da nasaba da gado, kuma gadon nasa ya haɗu da na wancan saurin bin rai. A Jami'ar Bochum ta Jamus kuma an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 264 a 2018, aka ga waɗanda ke wahalar tashi su aiwatar da niyya suna da amigdala mafi girma, wato sashen da ke kula da tsoro da hango haɗari, kuma sadarwarta da sashen da ke daidaita aiki ta fi rauni. Ba na son a ɗora wa binciken nan kayan da ya fi ƙarfinsa. Ya nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, bai ce wannan ne ya haifi wancan ba, kuma rabin da ba gado ba yana da faɗi.

Malamanmu sun riga masu ɗakin bincike sanya wa abin suna. Suna ce masa taswifi, daga kalmar Larabci "saufa", wato "da sannu zan yi". Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buga misali a babin tuba na Ihya'u Ulumiddin da mutumin da aka ce ya tumɓuke bishiya, ya ga ta yi masa ƙarfi, ya ce bari sai baɗi, alhali kowace shekara saiwarta na ƙara kafuwa shi kuma ƙarfinsa na raguwa. A addu'ar nan da Buhari ya ruwaito daga Anas, an nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki, sannan nan take daga gajiyawa da kasala. Jerin nan ya daɗe yana burge ni, ganin an ajiye nauyin zuciya dab da nauyin jiki. Abin da ba na so shi ne yadda muka mayar da "in sha Allahu" mafaka. Kalmar mai niyya ce da ya san iko ba nasa ba ne, amma a bakin wasunmu ta koma hanyar sallamar mutum cikin ladabi.

In dai gudun ɗaci ne tushen abin, to zagi ƙara wa wuta fetur ne. Uban da ke ce wa ɗansa "kai dai ba ka da zuciya, malalacin banza" ya ƙara wa littafin wani sabon ɗaci a kan wanda ke ciki. Haka mai zagin kansa. Michael Wohl da Pychyl da Shannon Bennett sun bi ɗaliban shekarar farko a Jami'ar Carleton a 2010, suka ga waɗanda suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage shi kafin ta biyu. Yafewar ta rage ƙuncin da ke tattare da darasin, sai komawa gare shi ya yi sauƙi. Pychyl ya kuma lura, a binciken da ya riƙa tuntuɓar ɗalibai a tsakiyar yini yana tambayar me suke yi, cewa aikin da suke hange kamar dodo, da zarar sun fara sai su ce ashe bai kai yadda suka zata ba. Mafi yawan ɗacin a bakin ƙofa yake. Saboda haka jiran "sai na ji ina so" jiran gawon shanu ne, son yakan zo ne bayan an fara. Layi ɗaya, ko da mummuna ne, ya fi tsarin babi goma da ke cikin kai.

Niyya kuma tana son a ba ta wuri da lokaci. Peter Gollwitzer da Veronika Brandstätter sun nemi ɗalibai a Jamus su rubuta rahoton yadda suka yi jajibirin Kirsimeti, cikin kwana biyu bayan bikin. An sa rabinsu su faɗi tun kafin hutu a ina da kuma yaushe za su zauna su rubuta. Kusan 7 cikin 10 na waɗannan sun rubuta a kan lokaci, a ɗaya rabin kuwa kusan 3 cikin 10. A 1997 aka buga sakamakon. Mu da yininmu ya riga ya rabu gida biyar, wannan ya zo mana da sauƙi. "Zan yi karatu a makon nan" iska ce. "In na sallame Asuba zan zauna a tabarmar zaure in rubuta shafi ɗaya kafin in kunna waya" tana da ƙafafu.

Dabarar da ta fi ƙarfi kuwa kakanninmu sun san ta: ka ɗaure hannun mutumin gobe tun yau, lokacin da hankalinka ke jikinka. Asusun ƙasa ba shi da murfi da gangan, sai an fasa. Mai zubin adashi ta san in kuɗin na ɗaure a bakin zaninta ba za su kai Juma'a ba, shi ya sa ta miƙa wa uwar adashi, ta sa kunyar idon mutane ta yi mata gadi. Masana tattalin arziki sun gwada irin wannan a gundumar Busia ta yammacin Kenya. Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun tarar manoman masara na cewa za su sa taki a noma mai zuwa, amma in lokacin ya zo kaɗan ne ke sawa, kuɗin kaka sun riga sun bi wasu hidimomi. Sai aka riƙa zuwa musu dab da gama girbi, kuɗi na hannu, a sayar musu da takardar taki a kan cikakken farashi, a kai musu har gida kyauta. Amfani da taki ya ƙaru da kashi 47 zuwa 70 cikin 100, daidai da abin da aka samu da aka rage rabin farashi a tsakiyar damina. A 2011 suka buga wannan. Ba wa'azi aka yi wa manoman ba, lokacin yanke shawarar aka matso da shi. Duk wanda ya ga yadda kuɗin amfanin gona ke narkewa a ƙauyukanmu tsakanin kaka da bazara, daga biki sai suna sai gyaran katanga, zai gane hikimar, ko da yake tsadar taki a nan wata magana ce mai zaman kanta.

Wa'adi ma yana aiki ne in an yarda da shi. Da aka ce a haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN a Najeriya a Disamban 2020, an ba da 'yan makonni, jama'a suka yi dafifi a ofisoshin rajista, sannan aka yi ta ƙara wa'adin sau da yawa. Ƙarin na da dalilinsa, domin cibiyoyin ba su wadata ba. Amma duk wa'adin da aka ɗaga yana koya wa mutane cewa mai jira bai yi asara ba. Malamin da kullum ke cewa "to ku kawo mako mai zuwa" shi ma darasin da yake koyarwa ke nan.

Inda abin ya daina zama na dariya shi ne lafiya. Wani bincike a Suwidin da aka buga a 2023 ya bi ɗaliban jami'a 3,525, ya ga masu yawan jan ƙafa sun fi fama da alamun baƙin ciki da fargaba da rashin barci mai kyau bayan wata 9. Mai jin ƙullutu a jiki da ke cewa bari a ga wata mai kamawa, tsoron abin da likita zai faɗa yake gudu, irin gudun da ɗalibi ke yi wa babinsa, sai dai nan farashin ya fi. Wani lokaci kuma jan ƙafar alama ce ta wani abu daban. Wanda da can mai himma ne sai aka wayi gari ko wanka yana yi masa nauyi, ko wanda tun yana yaro ba ya iya tsayar da hankali wuri guda duk ƙoƙarinsa, wannan likitan ƙwaƙwalwa ya kamata ya gani, jadawali da faɗa ba za su yi masa komai ba.

Ni dai gaisuwar nan sai a wata na uku na yi ta, kuma ba ƙarfin zuciya ne ya kai ni ba. Wani abokinmu na kira na ce ranar Alhamis in an idar da la'asar ya biyo ta gidanmu da mashin, kada ya saurari duk abin da zan ce masa. Ya zo, na fara cewa ai yamma ta yi, ya ce in hau. Muka tarar da abokin nawa a ƙofar gida yana wanke mota. Ya ɗago ya ce, "Kai, ai na ɗauka ba ka gari." Ya shigar da mu wurin mahaifiyarsa, na durƙusa na ce, "Mama, ya ƙarin haƙuri?" Ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗan nan. Ya wajen su Hajiyarka?" Aka yi addu'a, aka kawo ruwa, muka fito. Duka zaman bai kai minti 15 ba, kuma jawabin da na yi wata biyu ina shiryawa babu wanda ya tambaye ni shi.